Hoton tRNA ɗin da kuka buga bai ba da labarin duka ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Na ga shafinku na kimiyya na makon jiya inda kuka yi bayanin yadda jiki ke haɗa furotin, wallahi na ji daɗi, amma akwai inda nake so in ɗan sa baki. Kun buga hoton tRNA mai kama da harafin L, kuka ce da eksire aka gano shi, shi ke nan kuka wuce. Gaskiya ne da eksire aka gan shi a 1974, ƙungiyar Alexander Rich a Amurka da ta Aaron Klug a Ingila, amma fa sai da aka daskarar da shi ya zama kiristal tukuna, alhali a cikin ƙwayar halitta cikin ruwa yake yana ta kai komo. To wa ya tabbatar cewa siffar nan ba a cikin kiristal kawai take ba? Nan ne aikin NMR, wata hanyar bincike da maganaɗisu, ya shigo, ku kuma ko ambatarsa ba ku yi ba.

Ga wanda bai sani ba, tRNA shi ne ɗan dakon da ke ɗauko amino asid, tubalin ginin furotin, ya kai wa ribosom, masana'antar da ke haɗa furotin ɗin, kansa ɗaya na riƙe da kayan, ɗayan kuma na karanta haruffa uku na saƙon da ya zo daga DNA. Ɗan ƙarami ne, na yis ɗin da aka fi bincika haruffa 76 ne kawai. Robert Holley ne ya fara jero haruffan wani tRNA a 1965, har ya samu Nobel a 1968.

Shi NMR kuwa, wato Nuclear Magnetic Resonance, kar kalmar nukiliya da ke cikin sunan ta tsorata mutum, ba ruwansa da bam, tushensa ɗaya da injin MRI na asibiti. Za a zuba samfurin a wani siririn bututun gilas, a zura shi cikin ƙaton maganaɗisu, a aika masa da igiyar rediyo, sai ƙwayoyin haidirojin su amsa, kowacce da irin muryarta gwargwadon abin da ke kewaye da ita. Matsalar ita ce haidirojin a jikin tRNA ɗari-ɗari ne, duk muryoyin sun cakuɗe, ga kuma na ruwan kansa da ya danne kowa.

Dabarar da ta burge ni ita ce ta 1971, David Kearns da Dinshaw Patel da Robert Shulman. Sun lura cewa a cikin haruffan tRNA, wato A, U, G da C, duk inda G ya kama C ko U ya kama A suka zama maɗauri, akwai haidirojin guda a tsakiya da aka maƙale, kuma muryarsa na fitowa can gefe guda wajen 11 zuwa 15 a ma'aunin NMR, inda babu cunkoso. In wurin a buɗe yake, haidirojin ɗin yana musanya da na ruwa cikin sauri sai ya ɓace ba a ganinsa, in a rufe yake sai ya tsaya ya nuna kansa. Kenan kana ƙirga layukan da suka fito a takarda kana ƙirga maɗaurai nawa ne suka riƙe abin, ba tare da ka daskarar da komai ba. Daga baya aka ga layukan sun fi ashirin ɗin da zanen tRNA a shimfiɗe, mai kamar ganye, ya nuna yawa, ragowar na maɗauran da suka naɗe shi ya zama L ne, wato dai siffar tana nan a ruwa ma.

Abin da eksire ba zai taɓa nuna maka ba kuma shi ne, ka ɗan ƙara zafi a hankali sai ka ga layuka na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ka san wane ɓangare ne ya fara warwarewa, ka zuba maganiziyam ka ga ya ƙara ƙarfi ya jure zafin. A 2019 ma wasu masu bincike a Faransa sun sa tRNA cikin ruwan da aka matso daga ƙwayoyin yis suna kallo da NMR awa bayan awa yadda ake masa gyare-gyare, suka ga ashe bi da bi ake yi, wani gyaran sai an gama wani.

Ba na cewa NMR ya fi, yana da nasa ciwon kai, yana cin samfuri da yawa, in abu ya cika girma layukan sai su yi faɗi su haɗe, injin kuma tsada kamar me. Amma maganar ba ta 'yan lab kaɗai ba ce, canjin harafi ɗaya tak a wani tRNA na mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, a wuri na 3243 na jerin DNA ɗin sashen, yana jawo ciwon suga haɗe da kurumta, kuma fahimtar irin wannan na buƙatar a san yadda abin ke naɗewa da yadda yake motsi. Don Allah in za ku sake taɓo batun ku ba NMR ko da sakin layi ɗaya ne.

Naku,
Wani mai bibiyar shafin kimiyya