Kyanwa ma tana baƙunta idan an sauya gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da nake gani a garinmu Sakkwato duk lokacin da mutane suka tashi daga wani gida zuwa wani, wato yadda ake mantawa da kyanwa, ko mussa kamar yadda muke kiranta a nan. Za a kwashe komai har turmi da taɓarya, amma ita a bar ta tana kewaya kango tana kuka, ko kuma a ƙunshe ta a buhu a sake ta a tsakar sabon gida, kashegari a neme ta a rasa, sai a ce ai dama kyanwa gida ta sani, ba mutum ba.

Ni ma na yi wannan kuskure lokacin da muka tashi daga Runjin Sambo zuwa Arkilla. Muna isa na buɗe kwalin da take ciki, ta fito ta shinshina ƙasa, ta dubi katanga, kafin in yi wani yunƙuri ta haye. Bayan kwana huɗu tsohuwar maƙwabciyarmu ta aiko yaro ya ce mana ga ta can kwance a gindin darbejiyar tsohon gida, ta rame, ƙafarta ɗaya da rauni. Na hau kabu-kabu na je na ɗauko ta, a hanyar dawowa na biya wajen wani likitan dabbobi, kuma shi ne ya fahimtar da ni abin da ban sani ba duk da shekarun da na yi ina kiwonta.

Kyanwa da hanci take sanin wurinta. Gogar da take yi da kumatunta a ƙafar kujera, ko bakin ƙofa, ko ƙafar mai gida, ba wasa ba ne kawai, wani ƙamshi take shafawa wanda mu ba ma jinsa, kuma shi ne ke gaya mata cewa nan nata ne. Sabon gida kuwa babu ko ɗigon wannan ƙamshi, sau da yawa ma warin wani muzuru ne ya riga ya cika shi, saboda haka abin da zuciyarta ke raya mata shi ne ta koma inda ta bar alamarta. Maganin abin shi ne a ware mata ɗaki ɗaya mai rufi da iska, a sa mata tsumman da ta saba kwanciya a kai ba tare da an wanke shi ba, da kwanonta na da, da ruwa, sannan a zuba yashi a tsohon daro a ajiye nesa da abincin domin ta riƙa yin bayan gida. Likitan ya kuma ce in riƙa shafa ƙyalle mai laushi a kumatunta ina goga shi a bango da ƙafafun gado daidai tsayinta. Uwargida ta yi mini dariya ranar da ta same ni durƙushe ina wannan aiki, amma a kwana na uku kyanwar ta fito daga ƙarƙashin gado da kanta ta ci abinci.

Gidajenmu masu buɗaɗɗen tsakar gida ne, katanga kuwa ba ta tare kyanwa, don haka sai an daure an riƙe ta a ciki mako biyu zuwa uku, ana buɗe mata sauran ɗakuna sannu a hankali. Ranar da za a fara sakinta a yi shi da safe kafin ta ci, a tsaya tare da ita, a bar ƙofa a buɗe, sannan a kira ta da ƙarar kwanonta. Yara kuma a hana su jawo ta daga maɓoyarta, domin a irin wannan hali ko kyanwar Lami ce sai ta yi yakushi.

Wani dattijo a masallacin unguwarmu ya tuna mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Na ce masa, Baba, Allah ya ƙara lafiya, ai laifin matar shi ne ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba har ta mutu. A ganina wanda ya tashi ya bar kyanwar da ta dogara da shi a rufaffen gida shi ya fi kusa da wannan gargaɗi, ba wanda ya killace ta 'yan kwanaki yana ba ta ci da sha ba.

Batun buhu kuwa a daina shi, musamman a bazara da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, domin numfashinta na iya ɗaukewa kafin a isa. Kwando mai murfi ko kwali da aka huda ya wadatar. Idan ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba a kai ta ga likita, kuma muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin garin nan. Kada kuma a ba ta farasitamol da sunan tausayi, domin ko ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Tamu yanzu ta shekara guda a Arkilla. Takan haura katanga da dare ta yi yawonta, amma kafin a kira sallar asuba tana bakin ƙofar madafa tana jiran kwanonta.

Na gode.

Wani mai karatu,
Arkilla, Sakkwato.