Zuwa ga 'yata, sabuwar shugabar sashen tsaron intanet

Uwata,

Assalamu alaikum. Duk muna lafiya a nan Jos, Ummanki na gaishe ki. Labarin ƙarin girman da aka yi miki a Abuja ya iso mu, Allah ya taya ki riƙo.

Kwamfuta fagenki ce, amma ni a kotu na tsufa ina riƙe da makullin ɗakin ajiyar kayan shaida, kuma duk binciken waya da kwamfuta da kuke yi gaban alƙali yake ƙarewa. Lauya mai wayo ba ya ɓata bakinsa wajen musun abin da kuka gano. Tambayarsa ita ce wa ya karɓi wayar, da ƙarfe nawa, a hannun wa ta kwana. In aka sami awa guda da babu ita a rubuce, nan zai kafa ya tsare, aikin wata uku ya bi ruwa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da ta fitar da bayanin, da sa hannun mai alhakin kula da ita. Da can wani ke sa hannun, yanzu zai iya faɗowa kanki. Kada ki sa shi a kan abin da idonki bai gani ba.

Yaranki su ɗauki kwafi, su fitar da lambar tantancewa ta SHA-256, wadda ke nuna ba a sauya komai a kwafin ba, su yi aiki a kan kwafin, asalin na'urar kuwa a rufe shi. Gwanin cikinsu ne zai fara tsallake wannan don gaggawa, to shi za ki fi sa wa ido. In aiki ya yi kyau kuma ki ambaci sunayensu a gaban manya, su ne masu kwana ido biyu.

Akwai ranar da za a kutso muku, ba makawa. Za a kira ki gefe a ce a rufa wa ma'aikata asiri. Dokar Kare Bayanai ta 2023 awa 72 ta bayar a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, idan kutsen na iya cutar da masu bayanan. Ki faɗa musu haka cikin ladabi, sannan ki rubuta, ki ajiye kwafinki.

Sai 'yan'uwa. Tun jiya gwaggonki ke tambayata ko za ki iya buɗe mata wayar mijinta. Shiga na'urar wani ba tare da izininsa ba, laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, kuma ba ta ware dangi ba. Kada ki tsaya dogon bayani da kowa, wanda ya matsa miki ki turo shi wurina.

Wassalam,
Babanki