A duba wanda ake ba kujerar hedimasta a firamarenmu

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, a kan wata kujera da ake rabawa kamar goron biki, wato kujerar hedimasta.

Ni 'yar UPE ce, wato shirin ilimin firamare na kowa da kowa. A 1976 aka sa ni aji ɗaya, shekarar da gwamnatin soja ta Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa. Mahaifina manomi ne, kuma da a ce sai an biya kuɗi, da ban taɓa riƙe alli ba. Shekara 35 na yi ina koyarwa, galibi a aji ɗaya da aji biyu, a ƙarƙashin shugabanni bakwai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na gani shi ne, gini ɗaya, malamai ɗaya, albashi ɗaya, amma da zarar an canza hedimasta sai ka ga ɗan talaka ya zauna ko ya gudu.

Akwai wanda na yi aiki da shi da kullum safiya a wurin taron asambuli yake zaro takarda daga aljihu ya karanto sunayen waɗanda ba su biya kuɗin jarrabawa ba, ko na tsintsiya, ko na alli. Duk wanda aka kira sai ya fito gaba ya tsaya. Wata yarinya 'yar ajina, marainiya, uwarta na tuyar ƙosai a bakin titi, kwana uku a jere ana kiran sunanta saboda naira ɗari biyu. Har yau ina ganin yadda take tsaye tana murza bakin hijabinta, idonta a ƙasa, sauran yara na kallonta. Rana ta huɗu ba ta zo ba. Bayan wata guda na hango ta a tasha da farantin gyaɗa a ka. Ban bi sawunta ba, ban je wurin uwarta ba, na ce ai ba hurumina ba ne. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

Edita, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Har hukunci ta tanada ga wanda ya karɓi kuɗi: tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hedimasta da yawa ba mugunta ke sa su karɓar kuɗin nan ba. An ba mutum makaranta mai yara sama da dubu, ba a ba shi ko kwalin alli ba, me ake so ya yi? Dokar ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin wannan aiki ta hannun UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, sai dai jiha ba ta samun kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma sau da yawa kuɗin na kwance a Abuja saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Nauyin sai ya gangaro daga sama har ya sauka a kan mai tuyar ƙosai.

Duk da haka na ga wanda ya riƙe makaranta cikin wannan babu ɗin ba tare da ya kunyata yaro ko ɗaya ba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ranar da ya kama aiki bai tambayi wa ke zuwa na ɗaya ba. Rajista ya ce a kawo masa. Duk Litinin kowane malami zai ba shi sunan yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, bayan an tashi ya hau tsohon babur ɗinsa, wani lokaci da mai unguwa a baya, gida gida. Ba faɗa yake zuwa yi ba. Zai zauna a zaure ya ce, "Baba, lafiya ba mu ga ɗiyarmu ba?" Daga nan ake jin gaskiya: yunifom ya yage, ko uwa ta haihu babu mai riƙe ƙani, ko wani malami ya zagi yaro da sana'ar ubansa.

Ajina a lokacin yara 94 ne, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35. Benci goma sha ɗaya muke da su. Kafin zuwansa manyan yara da waɗanda iyayensu suka kawo nasu bencin su ke hawa, sauran a ƙasa a can baya. Ya ce benci na makaranta ne, a riƙa juyawa mako mako, amma layin gaba na ƙanana ne da masu raunin gani ko ji. A nan na gane wani yaro da muka daɗe muna kira daƙiƙi ashe allon ne ba ya gani. 'Ya'yan Fulani da ke tahowa daga ruga bayan tatsar nono, ya hana a tare su da bulala a bakin ƙofa. Wani yaro mai shan inna da ke rarrafe ya kai aji huɗu, matakalar ajin ta yi masa tsawo, sai abokansa sun ciccibe shi. Hedimasta ya samo buhun siminti biyu da magini daga cikin iyaye, aka yi masa gangara. Wannan tun kafin Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Ya kuma kewaye wa 'yan mata banɗakinsu daban, domin manyan cikinsu da sun fara girma sukan daina zuwa saboda rashinsa.

Kuɗi fa? Yakan tara kwamitin SBMC, wato na iyaye da mutanen unguwa masu sa ido kan makaranta, ya buɗe littafin kuɗi a gabansu, ga abin da ya shigo, ga abin da ake buƙata. Mai hali ya bayar, marar hali ya zo da hannunsa ranar gyaran katanga. Ba a taɓa karanta sunan kowa ba.

Shekara huɗu ya yi. Bayan wani zaɓe aka ɗauke shi, aka kawo mai uban gida. Cikin zango biyu takardar sunaye ta dawo asambuli.

Roƙona ga hukumomi, a daina ba da wannan kujera da alfarma. A duba aikin mutum a aji, a tambayi iyayen unguwar da ya yi aiki, a horar da shi kafin a miƙa masa makulli, idan kuma yana yi da kyau a bar shi ya zauna. Sufeto in ya zo, kada ya tsaya a duba littafin shirin darasi da sa hannun malamai. Ya ɗauko rajistar aji ɗaya ta shekara biyar da suka wuce ya ajiye kusa da ta aji shida ta bana, ya tambayi hedimasta ina sauran suke, musamman mata. Sannan a riƙa tura ɗan kuɗin gudanarwa kai tsaye asusun makaranta, kwamitin iyaye na gani, yadda ba wanda zai ce dole ce ta sa shi taɓa aljihun maraya.

Yarinyar nan mai gyaɗa na haɗu da ita bara a wurin suna, da goyo a bayanta da wata 'yar shekara shida a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce tana so ta sa 'yar a makaranta bana. Sai ta rage murya ta ce, "Malama, har yanzu ana kiran suna a gaban mutane?"

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
daga Jihar Kano.