Wasiƙa ga iyaye kan hadarin ranar Alhamis da darasin yanayi na ƙananan azuzuwa

Tawa, watan Mayu 2025

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yaranmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, da yi muku sannu da zafin wannan bazara, na rubuto muku ne kan magana guda wadda ta hana ni da malamai sukuni tun makon jiya. Sauran ƙananan sanarwoyi na bar su can ƙarshe.

Mafi yawanku kun ji abin da ya faru ranar Alhamis da yamma, amma da yake labarin ya zaga unguwa ya dawo mana da ƙarin gishirin da ba nasa ba, gara ku ji shi daga bakina. Ana saura kamar rabin sa'a a tashi, sai gabas ta yi ja, ƙura ta taso kamar bango tun daga ƙasa har sama, iska ta shiga bugun tagogi. Kafin malamai su gama rufe ƙofofi, wasu yayye daga manyan azuzuwa sun ruga sun janye ƙannensu, wasu iyaye kuma sun aiko masu kabu-kabu su ɗauki yara cikin ƙurar da mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Yara bakwai na ajin CI, wato aji ɗaya, suka fice ta ƙaramar ƙofa, suka je suka rakuɓe a gindin babban dogonyaron da ke bayan katanga, daidai lokacin da aka fara walƙiya. Maigadinmu ne, Allah ya saka masa da alheri, ya naɗe fuska da rawani ya bi su ya dawo da su. Kwano ɗaya ya ɓalle daga rufin ɗakin ajiya ya faɗi a inda yara ke wasa da safe. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, alhamdu lillahi, ruwan ma bai wuce yayyafin da ya kwantar da ƙura ba, amma ni dai ban yi barcin kirki ba a daren nan.

Washegari na shiga ajin na zauna a kan benci tare da su, na tambaye su abin da ya fitar da su. Wata yarinya ta ce dare ne ya yi, kuma innarta ta ce mata in dare ya yi kada ta tsaya ko'ina. Wani yaro ya ce gindin itace shi ne wurin fakewa, tunda nan ake fakewa daga rana. Duk su biyun sun yi tunani daidai gwargwadon abin da suka sani. Da na tambayi ajin sunan abin da suka gani, masu cewa iska suka ce iska, masu cewa ruwa suka ce ruwa, ba ɗaya da ya ce hadari. Alhali waɗannan yaran suna rera mini «la pluie, le vent, le nuage» da ka babu tuntuɓe, sai dai ba su taɓa haɗa kalmomin da abin da ke bisa kansu ba. Laifin namu ne mu malamai kafin ya zama na kowa, na kuma faɗa wa malaman haka a taronmu na ranar Juma'a.

Saboda haka daga Litinin ɗin da ta wuce har ƙarshen shekarar karatu, azuzuwan CI da CP da CE1, wato aji ɗaya zuwa uku, suna fara kowace safiya da minti 15 a tsakar makaranta. Yara su dubi gabas su dubi yamma, su lura da inda tutar makaranta ta karkata, su faɗi abin da suka gani da Hausa tukuna, sa'an nan a ba su kalmar Faransanci, su koma aji su zana hoton ranar a kayensu. Malamar CP ce ta tsara wannan duka cikin kwana biyu, har ta zana katunan hotuna da kwalin da ta saya da kuɗin aljihunta ba tare da ta nemi a biya ta ba. Da kowane aji yana da irinta, da ban sha wahalar rubuta wasiƙu irin wannan ba.

Ga abin da ake koya musu, domin ku san abin da za ku tambaye su a gida. An fara da lokutan shekara: rani da hunturunsa, bazara da muke ciki, damina, sai kaka. A hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, ɗauke da ƙurar Sahara, kuma da yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Ita ce hazon da ke rufe rana ya fasa leɓɓa, wanda wasunmu ke kira buda. Iskar da ke kawo laimar damina kuwa daga kudu maso yamma take hurowa, daga tekun Atlantika, shi ya sa ake jin gumi yana ƙaruwa a kwanakin nan tun ruwa bai sauka ba. Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne, ko da yake laimar daga kudu take zuwa, shi hadarin daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kamar yadda kowane manomi a Adar ya sani. Jan bangon ƙurar da ke gabansa iska ce mai sanyi da ke faɗowa daga cikin girgijen, ta bugi busasshiyar ƙasa ta share ta gaba. Wani lokaci ruwa ya biyo ta, wani lokaci a tashi da ƙurar kawai, abin da manya ke cewa holoƙo.

A kan kalmar gajimare an yi gardama mai daɗi. Yawancin yara sun ce shi ne farin girgijen da ke yawo a sama kamar auduga, sai wata ɗaliba ta dage cewa kakarta bakan gizo take kira da wannan suna. Malama ta ce duk biyun suna nan a bakin Hausawa, ta rubuta su a allo. Shi bakan gizo an nuna musu cewa hasken rana ne ke ratsa ɗigon ruwa ya rabu launi-launi, shi ya sa kullum yake fitowa a ɓangaren da ke kishiyar inda rana take, da yamma a gabas, da safe a yamma. Sunansa na masha ruwa bai sa ya taɓa shanye ruwan kowa ba. An kuma raba musu yayyafi da marka wadda ke kwana tana zuba, da ƙanƙara, da raɓar da ake tararwa a kan ciyawa da asuba, da guguwar da ƙasa mai zafi ke tayarwa da tsakar rana, wadda yaranmu ke son shiga cikinta a guje su fito da jajayen idanu, da kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta kamar ruwa.

Inda aka fi daɗewa shi ne walƙiya da tsawa, domin nan rai yake. Walƙiya ita ce hasken, tsawa ita ce ƙarar, cida ita ce rugugin da ake ji daga nesa, aradu kuwa ita ce wadda ke faɗowa ta tsaga itace ko ta kashe dabba. Haske yana iso ido nan take, amma ƙara tana tafiyar kusan mita 340 ne a daƙiƙa, wato kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. An koya wa yaran su fara ƙirga da zarar sun ga walƙiya. In tsawa ta zo kafin su kai 30, to abin bai fi nisan kilomita 10 ba, wurinsu cikin ɗaki ne, kuma ba a fita sai an yi rabin sa'a ba a ƙara jin tsawa ba. Ƴan CI da ƙirgan 30 ke ba wuya sun same shi cikin kwana uku, tunda yanzu sun ga amfaninsa. Aradu ta fi neman abin da ya fi tsawo a fili, shi ya sa gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai ya fi ko'ina hatsari, haka ma jikin turken wutar lantarki da cikin ruwa. Ina roƙonku ku daina gaya wa yara cewa aradu ɓarawo da maƙaryaci kawai take faɗa wa, domin yaron da ya san bai saci komai ba zai tsaya a gindin itace hankali kwance.

Haka nan maganar ƙorama. Yaran da ke tsallake ta kafin su iso gida su sani cewa ruwan da ya sauka a kan duwatsu can nesa yana iya cika ta cikin ɗan lokaci, ko da a nan ba a yi ko ɗigo ba. Ruwan da bai kai wa babba gwiwa ba yana iya kayar da ɗan shekara shida.

Daga yau ga ƙa'idarmu, kwamitin kula da makaranta ma ya amince da ita. In hadari ya taso a lokacin tashi, za a rufe ƙofa, kowane yaro ya zauna a ajinsa tare da malaminsa har sai ya wuce, ko da an kai magariba. Ba za mu ba mai kabu-kabu yaro ba, ba za mu bar wa ko ya su janye ƙane ba. Uba ko uwa da suka zo da kansu, ga benci a ofishina, mu jira tare.

Wani uba, mutumin kirki da nake ganin girmansa, ya tare ni a ƙofa ya ce yana tsoron kada mu koya wa yara da'awar sanin gaibu. Na ba shi amsar da zan maimaita a nan saboda na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Ruwa rahamar Allah ce, shi ke saukar da shi inda ya so a lokacin da ya so. Amma manomin da ya ga shamuwa ta dawo ta fara sheƙa ya shiga gyaran iri, ko ya ga gawo ya fara zubar da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke toho, ba wanda ya taɓa ce masa boka. Lura da alamu ne, kuma shi ne aikin ma'aikatar yanayi ta ƙasa da kuke jin bayaninta a gidan rediyon Muryar Sahel, sai dai su da na'urori suke yi. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai an kafa ta ne a 1974, bayan farin da ya ƙare dabbobin Sahel a farkon shekarun 1970, don horar da masu wannan ilimi. Bara ma kun ga abin da ambaliya ta yi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, kusan mako huɗu da har yanzu muke fama mu cike giɓinsu.

Malamin CE1 ya kafa ma'aunin ruwa a tsakar makaranta, nesa da rufi da itace, da gorar roba da aka yanke wa kai aka kifa shi ciki kamar mazurari, aka liƙa mata abin awo a gefe. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Rufin ajinsu mita 9 ne a kan 7, don haka ruwan milimita 20 yana zubo da lita 1260 daga kansa, jarka mai lita 25 guda hamsin ke nan har da ɗan saura. Da aka yi wannan lissafi a allo, wani yaro da ke turo kurar ruwa kafin ya zo makaranta ya riƙe baki. Tawa takan samu tsakanin milimita 350 da 400 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, Gaya takan ninka haka, Agadas kuwa ba ta kai rabi ba. Tunda ruwan kirki zai zo ne ana hutu, muna so kowane yaro ya tafi gida da ma'auninsa ya riƙa rubutawa, ya kawo mana a Oktoba. Abin da muka nema gorar roba ce guda mai lita ɗaya da rabi, wadda ake zubarwa a kwata, ba mu nemi ko dala ba, amma har yau 11 kawai aka kawo a aji mai yara fiye da 50. Iyayen nan goma sha ɗaya na gode musu, sauran kuwa ina jira zuwa Laraba.

Roƙo na biyu bai fi na farko wuya ba. Ku bar yaro ya zauna da kakansa ko kakarsa ya tambayi sunayen iska da ruwa da taurari irin su Kaza da ƴaƴanta, ya zo mana da kalma ɗaya da ba ta cikin katunan malama. Wadda muka ga ta yi, za a rubuta ta a bangon aji da sunan yaron da ya kawo ta.

Sauran sanarwoyi. Zafi yana haura digiri 40 a inuwa, randunanmu biyu ba sa kai azahar, don haka kowane yaro ya zo da ruwansa da takalmi a ƙafa. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a kai shi asibiti nan take, kada a turo shi makaranta. Ƴan CM2, wato aji shida, suna da gwaji mako mai zuwa, a rage musu aike da dare. Masu sauran bashin kuɗin ƙungiyar iyaye sun san kansu. Taron kwamiti yana nan ranar Asabar da ƙarfe 9 na safe, kuma za a yi maganar gyaran rufin ɗakin ajiya, in akwai kafinta a cikinku muna buƙatar shawararsa. Takalma tara da ɗankwali biyu da iska ta tara a jikin katanga ranar Alhamis suna hannun maigadi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana yaranmu.

Wassalam,
Daraktan makaranta