Zuwa ga abokan cinikinmu: maganar hoton da ake bar wa kala ɗaya

Assalamu alaikum.

Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwa na nan Agege, da masu tasowa daga Idi-Araba da Mile 12, muna gaishe ku, muna kuma godiya da ciniki.

Tun bayan ƙaramar Sallah, da wuya amarya ta shigo shagonmu ba ta miƙo waya ta ce "irin wannan nake so" ba. Hoto ne baƙi da fari, sai abu ɗaya tak da aka bar masa kalarsa, ko gyale, ko jar darar ango, ko lallen hannu. Muna yin sa. Amma da yake ana ta tambayar dalilin da kuɗinsa ya ɗara na gyaran hoto na yau da kullum, gara mu yi bayani sau ɗaya kowa ya ji.

Ba haka kyamara take ɗaukar hoton ba, da kalarsa cif yake fitowa. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop muke lulluɓe shi da baƙi da fari kamar an yafa masa mayafi, sannan mu goge mayafin daidai inda ake son kalar ta leƙo. Akwai hanyar yanke, wadda manhajojin waya suke bi: a ce wa na'ura ta bar kala kaza, ta kashe sauran. Da a ce danfo ce, bas ɗin haya ta Legas, a kan titi, ruwan ɗorawarta ba ya kama da komai sai keke, minti biyu an gama.

Ja ne mai wahala. A idon kwamfuta, fatar mutum, fari ne ko baƙi ko wankan tarwaɗa, tsakanin ja da ruwan lemo take, kuma jan lalle a wannan unguwar yake zaune. In aka ce ta bar lalle, sai ta bar shi har da leɓe da kunne, ga dabbare-dabbare a kumatu kamar ƙuna. Dole mu bi zanen da hannu, yatsa bayan yatsa. Leshi mai huji-huji da gyale shara-shara su ma haka, don ta cikinsu ana hango abin da ke baya. Wannan zaman ne kuke biya.

In hotonku za ku turo, ku turo shi ta WhatsApp a matsayin dokumen. Turawar da aka saba tana matse hoto, gefen kala ya jagwalgwale, mu rasa iyakar da za mu bi. Ku kuma sani jan da ke ƙyalli a waya zai ɗan kwanta a takarda, domin allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa ba ta yi.

Shawararmu, hoto ɗaya ko biyu sun isa albam guda. A hoton dangi kuwa ba ma so. Amarya tana walƙiya, uwar miji a gefenta toka-toka, Hajiya kin san ba mu za a tuhuma ba, ke ce za ki zauna da su.

Hoton fasfo da na biza ba ma taɓa shi da wannan ko da an roƙe mu. Na bizar Amurka, misali, dole ya zama mai kala, inci 2 tsawo da 2 faɗi, ba tare da an sauya kamanni ba.

Duk hoton da muka yi wa wannan aiki, za mu haɗa muku da asalinsa mai cikakkiyar kala, kyauta. Mai biki a gaba, a sanar da mu kafin ranar abin da ake so ya fito, don mu tsayar da amarya inda babu jar kujera ko jan labule a bayanta.

Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Masu shagon hoto, Agege, Legas