Kujerar da aka sayar a kuɗin itacen girki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, shekarata 31 ina riƙe da zarto. Ɗana da ke karatu a Indiya ya turo mini hoton wata kujera ta WhatsApp, ya ce in yi mata kuɗi. Na duba. Katakon tik ne, ƙafafun kamar an kifa harafin V, mazauni da majingina saƙa irin ta kujerun ofis na dā. Na ce aikin kwana uku ne, in da katako a ƙasa. Ya yi dariya, ya ce a gidajen gwanjon Faris da New York guda ɗaya takan kai dubban daloli.

Wai kujerar Chandigarh ce. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, Lahore, babban birnin jihar Punjab, ta faɗa ɓangaren Pakistan, sai firaministan Indiya Nehru ya sa aka gina wa Punjab ta Indiya sabon babban birni, wato Chandigarh. Shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier ne ya zana garin, ɗan uwansa Pierre Jeanneret kuma ya tare can har 1965, shi ya fitar da fasalin kujeru da teburan kotu da majalisa da jami'a. Kafintocin garin ne suka ƙera su dubu-dubu. Yau ana kiran sunan Jeanneret kuɗi na hawa, amma wanda ya fere katakon ya haɗa gaɓoɓin, ko a takardar gwanjo ba a ambatonsa. Wannan ya tsaya mini a rai.

Da kujerun suka tsufa, ma'aikata suka fi son masu soso da taya. Aka jibge tsofaffin a sito da saman rufi, rana ta duka, ruwa ya duka. Dillalan Turai suka zo suka kwashe su a farashin bola, suka gyara, har lambar ofis da aka rubuta da fenti a bayan kujera ta zama shaidar asali. Sai a 2011 gwamnatin Indiya ta hana fitar da su, bayan ɓarawo ya riga ya tsallake katanga.

Kada a ce abin na nesa ne. A Yamai a dā akwai gidan alminiyom da Bafaranshen mai zanen gine-gine Jean Prouvé ya ƙera a 1949. A 2000 aka kwance shi aka kai Faransa. Irinsa na Brazzaville an sayar da shi kusan dala miliyan 5 a 2007.

Ban ce tsofaffin kujerunmu za su yi wannan kuɗi ba. Amma bara an kira ni wata makaranta in ɓaɓɓalle tebura a sito. Madaci ne tsantsa, haɗin tsaga ba ƙusa ko ɗaya, gara ta kasa su. Mai tuyar ƙosai ta saye yawanci. Na roƙi ɗaya aka bar mini, a kansa nake rubuta wannan takarda. Don Allah ku tura wakilinku ya leƙa sitocin ma'aikatu kafin gwanjo na gaba.

Naka,
Wani kafinta, Zariya