Malamin da ya tsaya gyara aji ba bincike ne ya gagare shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun daren Talata maganar baƙon nan da kuka gayyato a shirinku take ci mini rai, kuma abin da ya fi ƙona mini zuciya shi ne mai gabatarwa bai ce masa kanzil ba. Wai duk malamin jami'ar da ka ga ya koma nazarin yadda ake koyar da kimiyya, bincike ne ya gagare shi, shi ya sa ya nemi wurin fakewa. Ya faɗa yana dariya, aka wuce tambaya ta gaba kamar ba a taɓa mutuncin kowa ba. To ni an taɓa nawa, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Shekara 17 ke nan ina koyar da fiziks ga 'yan shekarar farko. Da na fara, yadda aka koya mini haka na riƙa yi: in shiga, in cika allo, su kwafa, in fita. Har yabona ake yi wai na iya bayani. Wata rana na jefa wa ajin tambaya mai sauƙi: babbar mota da ƙaramar mota sun yi karo, wacce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Mako guda kafin nan na gama koya musu dokar Newton ta uku, sun rubuta, sun ja mata layi. Kusan duk ajin suka ce babbar. Har da yarinyar da ta fi kowa maki. Na ce ta karanto mini dokar, ta karanto ba gargada, cewa ƙarfin da wannan ya sa wa wancan daidai yake da wanda wancan ya mayar masa. Na ce to yaya ke nan? Sai ta amsa mini, iyakar gaskiyarta, cewa waccan ai ta jarrabawa ce, a kan titi kuwa kowa ya san babbar ke murƙushe ƙaramar. Daren nan barci ya ƙaurace mini. Ashe shekara da shekaru hadda nake ba su, su kuma suna dawo mini da ita a takarda, ina ba su maki.

Da baƙonku ya ɗan bincika, da ya ga abin da ya same ni shi ya sami Eric Mazur a Harvard wajen 1990, lokacin da ya gwada ɗalibansa da irin tambayoyin da David Hestenes da abokan aikinsa suka tsara. Mazur mai binciken hasken leza ne, ɗakin gwaje-gwajensa bai rufe ba, amma ya sauya ajinsa gaba ɗaya: a yi tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Carl Wieman kuwa ya karɓi lambar Nobel a fiziks a 2001. A 2002 ya kafa PhET a Jami'ar Colorado, manhajojin gwaji na kwamfuta da ɗalibai ke amfani da su kyauta har yau, a 2007 kuma ya koma Jami'ar British Columbia a Kanada don ya jagoranci gyaran koyar da kimiyya. Shi ma binciken ne ya gagare shi?

Kuma aikin nan ba shaci-faɗi ba ne, aunawa ake yi. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 a kwasa-kwasai 62, ya ga cigaban waɗanda aka sa su tunani da muhawara a aji ya ninka na masu zaman sauraron lacca. A 2014 Scott Freeman da abokansa suka haɗa nazari 225, suka tarar masu faɗuwa a ajin lacca zalla sun kusa kashi 34 cikin 100, a ajin da ake sa su tunani da muhawara kuwa wajen kashi 22. A aji irin nawa mai mutum 300, wannan tazara 'ya'yan mutane 36 ne. Ni na san fuskokinsu.

Shekara shida na yi ina gyaran kwas ɗin nan. Na yanka kwali na rubuta A, B, C, D, na raba wa kowa don ya riƙa nuna amsar da ya zaɓa. Ranar farko da na ce su juya su yi gardama da juna, hayaniyar ta kai wani babba a sashen ya leƙo yana zaton faɗa ake yi. Tambaya ɗaya mai kyau takan ci mini yini guda, domin sai ka gano ainihin kuskuren da ke kan yaro kafin ka iya ɗana masa tarkon da zai fito da shi fili. Su kansu ɗaliban ba su so ba da farko. Sun kai ƙarata cewa ba na koyarwa, su nake sa wa aikin. Daga baya na ga wani nazari da aka yi a Harvard a 2019 ya nuna haka abin yake: ɗalibi ya fi jin kamar ya koya idan aka zuba masa lacca mai daɗi, amma a gwaji sai ya kasa wanda aka wahalar. Na daure. Masu maimaita kwas suka ragu, har malaman shekara ta biyu suka fara tambayata me na yi wa yaran.

Sai lokacin ƙarin girma ya zo. Nan ne nake so ku saurara da kyau, domin nan ne illar irin maganar baƙonku take. Kwamiti ya buɗe fayil ɗina, aka ƙirga maƙalu. Aikin shekara shida ya shige layi ɗaya, wai koyarwa ta gamsar, daidai da abin da aka rubuta wa wanda har yau yake karanta takardun da ya rubuta tun farkon ɗaukarsa aiki. Maƙalu biyu da na wallafa kan yadda ɗalibai ke fahimtar ƙarfi da motsi aka ce ba fiziks ba ne, in kai tsangayar ilimi. Can kuma aka ce ni ba nasu ba ne. Na zama jemage, ni ba tsuntsu ba, ni ba dabba ba. Sau biyu ana tsallake ni.

Nawa ma da sauƙi, na riga na saba. Abin da har gobe yake damuna wata matashiyar malama ce da muka yi aikin tare. Ta fi ni iya tsara tambaya, yara suna sakin jiki da ita. Wani dattijo ya ja ta gefe ya ba ta shawara ta ajiye wannan wahala sai ta zama farfesa. Ba mugunta ya yi mata ba, ya san yadda ake ƙirga ne. Ta ajiye. Yau tana cika allo su kwafa, kuma ban ga laifinta ba. A British Columbia ɗin da na ambata akwai matakin aiki na musamman da malami zai hau har ya kai farfesan koyarwa, a auna shi da abin da ya gyara a aji da manhaja. Ashe abin mai yiwuwa ne. Me ya hana ku tambayi baƙon wannan?

Ina roƙonku ku sake ɗauko batun, ku gayyato wanda yake tsayawa gaban 'yan shekarar farko kowane mako, ya duba takardunsu da hannunsa, a ji daga bakinsa. Shi kuma wancan ya dawo ya janye maganarsa a inda ya faɗe ta.

Sannan don Allah ku yi wani abu game da kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar mai magana. Mahaifina kunnensa ya yi nauyi, tare muke sauraronku, rabin hirar sai na maimaita masa. Layin wayarku kuma sau biyar na kira a daren, yana shiga ba a ɗauka.

Naku,
Wani malamin fiziks, mai sauraronku kullum